Kuɗin da ke Kwance Cikin Ƙasa: Wa ya Kai su Zurfi?

Jama'a masu karatu, ga wata tambaya ku gwada ta a dandali. Kuɗin ƙarfe guda biyu suna kwance cikin gona ɗaya. Na farko yana sama-sama, bakin hauya ma yana iya taɓo shi. Na biyu yana can ƙasa, sai an gina rami kamu guda kafin a kai gare shi. To, wanne ya fi tsufa?

Yawancin mutane za su ce na ƙasa. Haka hankali yake bayarwa, tunda wanda ya riga kwanciya shi ake sa ran ƙasa ta fi rufewa. Amma waɗanda suka daɗe suna neman tsofaffin kuɗi sun ga abin ba kullum yake tafiya haka ba. A ƙasar Ingila an sha tsintar kuɗin da ya shekara 1,700 a bisa kunya, bayan ruwan sama ya wanke shi. An kuma sha tono kuɗin da bai wuce shekara 50 ba a zurfin taƙi guda cikin makiyaya.

Su wa ke wannan nema? Mutane ne talakawa: direbobi, magina, masu dafa abinci, tsofaffin da suka bar aiki. Abin sha'awa ne gare su, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru, wani ke fita farauta. Ranar hutu sai su roƙi mai gona izini, su shiga da wata na'ura mai jin ƙarfe. A Ingila abin ya fi ƙarfi, don haka can za mu fi ɗauko labarinmu.

Na'urar da ke jin ƙarfe

Siffarta kamar sanda ce mai faifai a gindi. Cikin faifan akwai waya da aka nannaɗe. Batir yana ba wayar wuta, ita kuma tana aika wani ƙarfi irin na mayen ƙarfe zuwa cikin ƙasa. In ƙarfin ya gamu da zinariya, ko azurfa, ko tagulla, ko ƙusa mai tsatsa, sai na'urar ta yi kuka a kunnen mai ita.

A 1881 aka harbi shugaban Amurka mai suna Garfil. Likitoci suka rasa inda harsashin ya tsaya. Sai Bel, mutumin da ya ƙago wayar tarho, ya haɗa wata na'ura don neman harsashin. Bai dace ba. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne gadon da shugaban ke kwance yana da wayoyin ƙarfe, suka rikita na'urar. Shugaban ya rasu cikin shekarar.

A 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani hafsan soja ɗan ƙasar Polan mai suna Kosaki ya ƙera wadda mutum ɗaya ke iya ɗauka, don neman nakiyoyin da aka binne. An yi aiki da ita a hamadar Masar a 1942. Bayan yaƙi aka yi ta rage mata nauyi da tsada. Daga wajen 1970 ta shiga hannun talakawan Ingila. Mutanen ƙasarmu da yawa sun san irinta tun 2014, sa'ad da aka yi rububin zinariya a Jado, cikin jihar Agadas.

Amma jinta yana da iyaka. Ƙwayar kuɗi guda, ba ta cika jin ta ba in ta wuce santimetir 20 zuwa 30, wato taƙi guda da ƴan kai. Tukunya cike da kuɗi kuwa ana iya jin ta daga nesa fiye da haka. Ba ta jin yumɓu, ba ta jin ƙashi, ba ta jin wuri. Shi ya sa masu wannan nema suka damu da maganar zurfi. Abin da ya wuce jin na'urarsu ya fi ƙarfinsu.

Hanya biyu ta shiga ƙasa

Kuɗi yana shiga ƙasa ta hanya biyu. Akwai wanda ya faɗi. Aljihu ya huje, ko ɗaurin bakin zane ya kwance a kasuwa, mai shi ya duba bai gani ba, ya haƙura. Akwai kuma wanda aka binne da gangan, cikin tukunya ko akwati ko jakar fata, da niyyar a dawo a ɗauka.

Rumawa sun mallaki Ingila daga shekara ta 43 zuwa wajen 410. Kuɗinsu na tagulla suna da yawa, darajarsu kuma kaɗan ce, kamar dala a hannunmu. In ɗaya ta faɗi cikin ciyawa, ba wanda zai ɓata yini yana nemanta. Don haka gonakin Ingila suke cike da su.

Kuɗin da ya faɗi yana fara zamansa ne a bisa ƙasa. To, wa ke kai shi ciki? Wasu suna cewa nauyinsa ne ke nutsar da shi, kamar dutse cikin rijiya. Wannan yana faruwa cikin taɓo ko jiƙaƙƙen rairayin bakin ruwa. A ƙasa mai ƙarfi kuwa ƙwayar kuɗi ba ta da nauyin da za ta huda ta. Rufe ta ake yi daga sama.

Aikin tsutsa

Wani masani Bature mai suna Darwin shi ya bi diddigin wannan magana. Abin da ya sa wa ido shi ne tsutsar ƙasa, wato tana, wadda masu fatsa ke sawa a ƙugiya. Ƙasar Ingila mai laima ce, tsutsar nan tana da yawa ƙwarai. Tana cin ƙasa daga ciki, ta fito da dare ta yi kashinta a sama. Ramin da ta bari a ciki yakan rufta. Ta haka abin da ke sama yake sauka kaɗan-kaɗan, sabuwar ƙasa mai laushi tana hawa kansa.

Darwin ya so ya gani da idonsa. Cikin watan Disamba na 1842 ya sa aka watsa gutsattsarin alli bisa wata makiyaya kusa da gidansa. Ba a nome wurin ba, ba a taɓa shi ba. Ya jira shekara 29. Cikin watan Nuwamba na 1871 ya sa aka gina rami. Sai ga allin ya yi layi fari a zurfin santimetir 18, kusan taƙi guda. In an raba, ya sauka wajen milimetir 6 a shekara, kamar kaurin ƙwayar wake. Ya kuma lissafa cewa a wurare da yawa na Ingila, ƙasar da ke ratsa cikin tsutsotsin nan a shekara ta kai wajen tan 25 a hekta guda. Da yayyafi kogi kan cika. Ya buga littafi a kan haka a 1881, shekara ɗaya kafin rasuwarsa.

Yanzu mu yi lissafi tare. Milimetir 6 sau shekara 1,700 ya ba mu metir 10 da ƴan kai. Ke nan kuɗin Rumawa suna zurfin rijiya? A'a. Tsutsar tana yawancin aikinta ne a ƙasar sama, inda abincinta yake. In kuɗi ya sauka ya tarar da tsakuwa ko ƙasa mai tauri, sai tafiyar ta tsaya. Wanda ya faɗi bayansa da shekara ɗari biyar zai sauko ya same shi nan. Shi ya sa a tsohuwar makiyaya ake samun kuɗin zamani daban-daban a jere, zurfinsu ɗaya.

A ƙasarmu gara ce ta fi yin wannan aiki. Ku dubi karan da aka bari a gona, yadda take lulluɓe shi da ƙasar da ta ɗauko daga ciki. Tururuwa ma tana yi. Gafiya da kurege suna gina rami, su watso na ƙasa sama, na sama ya zurma ciki. Laka ta fadama takan dare da rani, ƙaramin abu ya faɗa cikin tsagar, damana ta zo ta rufe bakin. Kofaton shanu yana danna abu cikin taɓo. Duk waɗannan suna motsa kuɗi ba tare da tambayar shekarunsa ba.

Aikin garma

Inda ake noma kuwa, garma ce mai iko. Garmar tarakta a Ingila tana juya ƙasa zurfin santimetir 20 zuwa 30. Kowace shekara na ƙasa ya dawo sama, na sama ya koma ƙasa, kamar yadda mace ke tuƙa tuwo. Abin da tsutsa ta jera cikin shekara ɗari, garma tana birkita shi cikin yini guda. Kuɗin Rumawa da marfin kwalbar bara sai su kwanta gefe da gefe. Mafi yawan abin da masu na'ura ke tsinta a Ingila, cikin wannan ƙasar noma suke samunsa.

Garma tana kuma fasa ajiya. Garmar shanu ta zamanin da ba ta shiga ƙasa sosai, takan wuce bisa tukunya ba ta taɓa ta ba. Da tarakta ta zo, sai bakin garma ya kai ga wuyan tukunyar. Ya fasa, ya ja kuɗin gaba, baɗi ya ƙara ja. In gonar tana kan gangare, ruwa yana ɗebe ƙasar sama kowace shekara, garma kuma tana ƙara cizon ƙasar da ba a taɓa taɓawa ba. Don haka gonar da aka bincika bara aka ce ba kome, bana sai ta fito da sabon abu.

Cikin watan Janairu na 2019 wasu abokai bakwai suka shiga wata gona a kwarin kogin Cu, kusa da birnin Baristol. Suka tarar da kuɗin azurfa warwatse cikin ƙasar noma. Da aka ƙirga, ƙwaya dubu 2 da 584. Wajen rabi suna ɗauke da kan sarki Harol, rabi da kan sarki Wiliyam. Wiliyam ɗin nan shi ya ƙetaro daga Faransa a 1066, ya ci Ingila da yaƙi, aka kashe Harol. Masana sun ce an binne kuɗin wajen 1067 ko 1068, sa'ad da ƙasar ba ta kwanta ba. Mai su bai dawo ba. Sun shekara 950 a wurin, amma ba su yi zurfin da na'ura za ta kasa jin su ba.

Ruwa, iska da juji

Akwai wuraren da ƙasa ke ƙaruwa, akwai inda take raguwa. Kowane manomi ya san haka. Abin da zaizaya ta ɗebe daga tudu, a kwari take zubar da shi. Kuɗin da ya faɗi a tudu yana iya zama a fili har abada. Ɗan'uwansa da ya faɗi rana ɗaya a kwari, ambaliya goma ta rufe shi da laka. A 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka maida gari bisa tudu. Abin da ya faɗi cikin tsohon garin da abin da ya faɗi bisa tudu a shekarar nan, ba za a same su zurfi ɗaya ba.

Iska ma haka take. Tana kwashe rairayi daga fako, ta tara shi gindin geza ko jikin darni. Abin da ta rufe bana tana iya tone shi baɗi.

Cikin gari kuwa mutane ne ke ɗaga ƙasa. Ɗaki ya faɗi, a baje shi, a yi gini a kansa. Toka da shara suna taruwa a juji. Gobara ta ci unguwa, a sake gini bisa gawayin. Rumawa ne suka kafa birnin Landan. A 1954 masu gini suka tono wani ɗakin bautarsu da aka gina wajen shekara ta 240. Daɓen ɗakin yana metir 7 ƙarƙashin titin yau, tsayin mutum huɗu. A irin wannan wuri, inda ba garma, ƙasa tana kwance hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Nan ne amsar da muka fara bayarwa take zama gaskiya. Amma ba na'urar da ke jin ƙwayar kuɗi a wannan zurfi.

Wani lokaci rufewar ba ta ɗaukar shekaru. A shekara ta 79 wani dutse ya yi aman wuta a ƙasar Italiya. Toka ta rufe garin Pompeyi metir 4 zuwa 6 cikin kwana biyu. Masu tono sun sami mutane da jakunkunan kuɗinsu a jikinsu, inda gudu ya ƙare musu.

Wani lokaci kuma ƙasa ce ke maido da ajiya. A 2013, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mutum da matarsa suna yawo cikin filinsu, sai suka ga bakin wani gwangwani mai tsatsa ya leƙo daga ƙasa. Gwangwani takwas suka tono, da kuɗin zinariya dubu 1 da 427, bugun 1847 zuwa 1894. Sun daɗe suna bin hanyar nan ba su ga kome ba.

Ramin da hannu ya gina

Mu koma ga kuɗin da aka binne da gangan. Zurfinsu na farko, mai su ne ya zaɓa. Zamanin da ba banki. In yaƙi ya taso, ko ɓarayi sun yi yawa, ƙasa ce ma'aji. Mai binnewa yana sauri, yana tsoron ido, yana kuma so ya ɗauka da sauƙi in ƙura ta lafa. Don haka yawancin ajiya ba ta wuce inda hannu ke kaiwa.

Ran 16 ga Nuwamba 1992, a ƙauyen Hoksan na gabashin Ingila, wani manomi ya ɓatar da gudumarsa cikin gona. Ya roƙi abokinsa, wani tsoho mai na'ura, ya duba masa. Maimakon guduma sai ga cokulan azurfa da sarƙoƙin zinariya. Tsohon ya tsaya, aka sanar da hukuma. Kashegari masana suka zo. Suka gane akwatin katako ne aka binne, katakon ya ruɓe, kayan suna jere yadda aka shirya su. Kuɗi dubu 14 da 865, cikinsu 569 na zinariya. Mafi sabunta bugun 407 ko 408 ne, daidai lokacin da mulkin Rumawa ke rushewa a ƙasar. Garma da dabbobi masu rami sun fara taɓa kayan, amma ɓarnar kaɗan ce. Gudumar ma an same ta daga baya, tana ajiye a babban gidan tarihi na Landan.

A tsibirin Jazi, kusa da gaɓar Faransa, wasu mutum biyu sun shekara wajen 30 suna neman wata ajiya da suka ji labarinta. A farkon 2012 suka tsinci ƴan ƙwayoyi a sama. Suka samo na'ura mai jin nesa. Cikin watan Yuni suka kai ga uwar ajiyar, a zurfin wajen metir guda. Kuɗin sun manne da juna sun zama dunƙule mai nauyin kilo 750. Masana sun shekara wajen uku suna ɓamɓare su ɗaya-ɗaya. Ƙwaya dubu 69 da 347, masu shekara wajen 2,000. Mahaƙurci mawadaci.

Labarin da ya fi koyarwa shi ne na garin Furum, a kudu maso yammacin Ingila. Cikin watan Afrilu na 2010 wani mai dafa abinci a asibiti ya ji na'urarsa ta yi wani irin kuka. Ya gina santimetir 35, sai ga bakin tukunya da kuɗin Rumawa. Bai zura hannu ba. Ya maida ƙasa ya rufe, ya kira masana. Suka kwana uku suna kwashe kuɗin hawa-hawa, kowane hawa da jakarsa da lambarsa. Ƙwaya dubu 52 da 503, nauyinsu kilo 160, ya fi buhun hatsi guda da rabi.

Ga abin da wannan haƙuri ya haifar. Kuɗin da suka fi tsufa bugun wajen 253 ne. Daga cikin mafi sabunta akwai na wani sarki Karawsiyus, wanda ya yi mulkin Ingila daga 286 zuwa 293. Da asusu ne ake zubawa shekara-shekara, da kuɗin Karawsiyus suna bakin tukunya. Amma a tsakiya aka sami yawancinsu, tsofaffi suna bisansu. Ke nan lokaci guda aka cika ta, ana juye jaka bayan jaka. Jikin tukunyar kuma ba shi da kaurin ɗaukar kilo 160. Ke nan sai da aka sa ta cikin rami sannan aka cika. Wasu masana suna ganin jama'ar gari ne suka haɗa, don baiko ga abin bautarsu, ba da niyyar ɗauka ba. Da mutumin nan ya juye tukunyar cikin buhu, da duk wannan labari ya tafi.

Shekarar da ke jikin kuɗi

To, in zurfi ba ya faɗin shekaru, sai mu dogara ga shekarar da aka buga a jikin kuɗin? Ita ma da sharaɗi. Tana faɗin lokacin da aka buga shi. Ba ta faɗin ranar da ya shiga ƙasa. Kuɗi yana iya yawo hannu-hannu shekara hamsin kafin ya faɗi. Abin da masana ke yi shi ne su nemi mafi sabunta cikin ajiya. Ba yadda za a binne tukunya kafin a buga kuɗin da ke cikinta.

Mu ma muna da misali a gida. Tsofaffi sun san liyari, babban kuɗin azurfa mai kan mace, wanda fatake suka kawo ta hamada, mata suna ado da shi, maƙeran fari suna narkar da shi. Matar da ke jiki sarauniya ce ta ƙasar Ostiriya, sunanta Mariya Taraiza. Ta rasu a 1780. Da yake ƴan kasuwa sun amince da kuɗin, sai aka ci gaba da buga shi fiye da shekara ɗari biyu, kowanne da 1780 a jikinsa. Wanda ya tono liyari a kufai, kada ya rantse cewa tun 1780 yake nan.

Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya ratsa Tasawa a farkon 1851, ya ga ana ƙirgar wuri dubu 500 da hannu. Da ya isa Kano ya tarar liyari guda yana cin wuri dubu 2 da 500. Yawancin dukiyar kakanninmu wuri ce. Tulun wuri kuwa, na'ura za ta wuce bisansa ba ta ce uffan ba.

Wanda ya tsinta, me zai yi?

Kada labaran nan su ruɗe mu. Cikin masu na'ura dubbai, ƴan kaɗan ne suka taɓa gamuwa da tukunya. Sauran suna komawa gida da ƙusoshi, da maɓallai, da guntun garma. Wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi ya nuna inda dukiya take binne, a tambaye shi abin da ya hana shi tonowa da kansa.

A Ingila an daɗe ana gardama tsakanin masana da masu na'ura. Masana suna cewa ana ɓata musu tarihi. A 1996 aka yi doka, ta fara aiki a 1997. Wanda ya tsinci ajiya sai ya sanar cikin kwana 14. In gidan tarihi yana so, sai a yi mata kuɗi, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Ajiyar Furum an yi mata fam dubu 320 da 250, sama da miliyan 200 na sefa. Tun 1997 kuma ake rubuta ƙananan tsintuwa cikin rajista, kowace da wurin da aka same ta. Abin da aka rubuta ya wuce miliyan ɗaya da rabi. Da shi aka gano ƙauyuka da kasuwanni da hanyoyin da ba wanda ya san da su.

A ƙasarmu mun ga abin da gaggawa ke jawowa. A 1975 aka gano tsohuwar maƙabartar Bura, wajen Tera. A 1983 masani Bube Gado ya yi tono a wurin bisa ƙa'ida, ya sami ɗaruruwan tukwane da mutum-mutumin yumɓu masu shekara fiye da 1,000. Da labari ya kai Turai, sai ƴan sumoga suka sa aka yi ta gina ramuka. Kaya masu yawa suka fita waje, ba wanda ya auna zurfinsu, ba wanda ya rubuta abin da ke kusa da su. A 1997 gwamnati ta yi dokar kare kayan tarihi. Tono don neman su sai da izini, tsintuwa kuma sai a sanar.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana ginar rijiya, ko kwaɓar ƙasar gini, ko noma a kufai, ka ci karo da tsohuwar tukunya ko kuɗin da ba ka sani ba, ga abin yi. Kada ka fasa, kada ka juye. Ka sami kara ka auna daga bakin rami zuwa kan abin, ka karya karan daidai wurin, ka ajiye shi. Ka lura ko jigawa ce, ko laka, ko toka, da abin da ke kwance kusa. Kada ka goge kuɗin da rairayi ko tsamiya, rubutun ne zai tafi. Ka maida ƙasa, ka sa alama, ka gaya wa maigari. Shi zai kai magana ga hukuma, ita kuma ta sanar da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko masana na Jami'ar Abdu Mumuni.

In kun kai tambayar nan dandali, wani ya ce na ƙasa ya fi tsufa, ku ce masa tukuna. A fara sanin ko gonar ana noma ta, ko tudu ce ko kwari, ko an taɓa zama a wurin, ko kuma hannu ne ya gina ramin. Sai an san waɗannan za a iya yanke hukunci.

Allah ya ba mu damana mai albarka.